Doguwar Suma

Idan watan Nuwamba ya yi nisa, aikin gona ya zo gangara ke nan. Gero ya daɗe da shiga rumbu, an cire gyaɗa an tsinke, saura dawa da maiwa da roron wake. Tun da sassafe sai ka ga magidanta da 'ya'yansu sun duƙufa ga yankan dawa da ɗaurin dami, jakuna da amalanke suna ta kai da kawowa tsakanin gona da gida. An naɗe harawa an ɗora bisa itatuwa don kada awaki su kai gare ta. Fulani sun fara sako shanu cikin gonakin da aka kwashe, su ci kara su bar wa mai gona taki, in da shiri aka yi ke nan. In kuwa ba da shiri aka yi ba, sai a yini gaban mai gari. Iska ta juya, tana busowa daga gabas maso arewa da hazonta, leɓuna sun fara tsagewa, tsofaffi sun ciro barguna suna ta fama da tari.

A wannan lokaci ne mutumin ƙauye ya ke samun darensa ya zama nasa. Ciki ya cika, dare ya yi tsawo, samari ba su riga sun tafi cin rani ba, sai a hura wutar kara a ƙofar gida a zauna jin ɗumi ana hira. Da can abin hirar tatsuniya ce da labarin fatauci. Yanzu kuwa, tun da yaƙi da jahilci ya buɗe wa mutane ido, ba a rasa wanda zai jawo takarda, ko ya duba cikin wayarsa, ya karanta wa jama'a wani abu. Cikin abubuwan da a kan karanta babu mai sa wuri ya yi tsit kamar labarin mutanen da aka ce sun mutu sun dawo, suna faɗin abin da suka gano. Da an gama sai gardama ta tashi. Wani ya ce ai tun da an buga a littafi, likitoci kuma suka sa hannu, to, an gano lahira ke nan. Wani ya tofar da yawu ya ce ƙaryar Turawa ce. Ni dai a ganina duka biyun sun yi gaggawa, domin shaida ce aka kawo, ita kuwa shaida aunawa a ke yi kafin a karɓa ko a kore ta.

Bari mu fara da abin da aka ce an gani. A shekarar 1975 wani Ba'amurke mai suna Raymond Moody, wanda ya yi karatun falsafa sa'an nan ya shiga na likita, ya buga littafi da ya kira Life After Life, watau rayuwa bayan rayuwa. Ya tattara labarin mutane wajen 150 waɗanda suka kai bakin mutuwa suka kuɓuta. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda maganarsu ta yi kama da juna, alhali ba su san juna ba. Da yawa sun ce zafin ciwo ya ɗauke, natsuwa ta sauko musu. Waɗansu sun ce sun ji kamar sun fita daga jikinsu suna kallonsa daga sama, likitoci suna ta ɗawainiya da shi. Waɗansu sun ce sun bi ta wani dogon rami mai duhu, da haske a ƙarshensa, sun ga danginsu da suka rasu, sa'an nan suka isa wata iyaka da suka san in sun ƙetare ta ba komowa. Kafin Moody ma, tun a 1892, wani masanin duwatsu a ƙasar Suwizalan, Albert Heim, ya rubuta labarin mahaya duwatsu da suka faɗo daga bisa ba su mutu ba, shi kansa yana cikinsu, kuma da yawansu sun ce duk rayuwarsu ta gilma a gabansu kafin su kai ƙasa.

Dalilin da ya sa irin wannan labari ya yi yawa a zamaninmu ba ɓoyayye ba ne. A 1960 waɗansu masana a birnin Baltimore na Amurka suka nuna cewa in zuciyar mutum ta tsaya, a kan iya daddanna ƙirjinsa da hannu jini ya ci gaba da gudu har a samu zuciyar ta tashi. Tun daga nan mutanen da da can sai a yi musu wanka, suka riƙa farfaɗowa suna magana.

To, ko ƙarya su ke yi? Ban ga alama ba. Wani likitan zuciya a ƙasar Holan, Pim van Lommel, shi da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 344 a asibitoci 10, waɗanda zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, suka tambaye su tun suna kwance, kafin labari ya tsufa a yi masa ƙari. Da aka buga sakamakon a 2001, mutum 62 ne suka ce sun ga wani abu, sauran kuwa suka ce ba su tuna kome ba. Da abin ƙage ne don neman suna, da ba a sami masu cewa ba su ga kome ba da yawa haka. Sabo da haka na yarda mutanen nan gaskiyar abin da suka ji su ke faɗi.

Amma fa gaskiyar mai shaida daban, abin da shaidarsa ta isa ta tabbatar daban. Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san haka. Mutum ya kan rantse ya ga jaki a ƙofar gidan wane, a kuma yarda ya gani, amma wannan bai isa a ce wane ne ya sato shi ba. A nan Hausawa sun riga kowa yanke magana, domin in aka ce wane ya mutu, sa'an nan ya motsa ana shirin wanka, ba su cewa ya dawo daga lahira, sai su ce doguwar suma ya yi. Wanda ya komo, ajalinsa bai yi ba. Ya dai je bakin ƙofa, mai yiwuwa ya ji sanyin zauren, amma bai shiga cikin gida ba, balle ya faɗa mana yawan ɗakunansa. Alƙur'ani ya sanar da mu cikin Suratul Isra'i cewa al'amarin ruhi na Ubangiji ne, abin da aka ba ɗan Adam na sani kuwa kaɗan ne. A Suratuz Zumar kuma an haɗa barci da mutuwa wuri ɗaya, an bambanta ran da a ke riƙewa da wanda a ke saki ya koma. Su waɗannan mutane duk cikin waɗanda aka saki su ke.

Likitoci ma sun gwada abin ta hanyarsu. Wani likita, Sam Parnia, ya shugabanci bincike a asibitoci 15 a Ingila da Amurka da Ostiriya, aka buga shi a 2014. Sun kafa katako can sama kusa da rufin ɗaki, suka ɗora hotuna suna fuskantar sama, yadda babu mai ganinsu sai wanda ya ke kallo daga bisa. Dabara ce mai kyau. Cikin mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya, 330 suka rayu, kuma ba a sami ko ɗaya da ya faɗi abin da ke cikin hoto ba. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa yawancinsu a ɗakunan da ba hoto abin ya same su, kuma an sami mutum ɗaya da ya kwatanta abin da aka yi masa da waɗanda suka yi, aka duba takardun asibiti aka ga ya dace. Waɗansu masana kuma suna cewa aikin ƙwaƙwalwa ne sa'ad da jini ya yanke mata. A 2013, a Jami'ar Michigan, an ga ƙwaƙwalwar ɓeraye ta yi wani irin yunƙuri mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciyarsu, kamar fitilar aci-bal-bal da ta kan yi tashin haske in manta zai ƙare. Masanan dai ba su daidaita ba har yanzu.

Akwai kuma wani abu da ya kan ba ni dariya, ya kuma sa ni tunani. A 1986 masana biyu, Satwant Pasricha da Ian Stevenson, suka buga labarin mutum 16 a ƙasar Indiya da suka yi irin wannan suma. Su ba rami da haske suka fi ambata ba. Yawancinsu cewa suka yi manzanni sun zo sun tafi da su gaban wani mai riƙe da littafi, ya duba ya ce an yi kuskure, ba wannan aka aika a kawo ba, a mai da shi. Duk wanda ya yi aikin rajista zai ji tausayin wannan magatakarda, don ya san wahalar mutum biyu masu suna ɗaya a unguwa ɗaya. Abin lura shi ne mabiya addinin Hindu sun tashi da labarin sarkin mutuwa da manzanninsa da magatakardansa tun suna yara. Watau kowa da tufafin garinsu ya ke zuwa bakin ƙofar nan, abin da ya gani kuwa yana gauraye da abin da ya tafi da shi. Haka nan kada wani ya ji ana ta ambaton haske da natsuwa ya saki jiki, ya ce ashe mutuwa hutu ce ga kowa, mai kirki da mugu. An sami waɗanda suka farfaɗo cikin firgita, suka ce duhu da tsoro suka gamu da su, kuma irin waɗannan ba su cika son ba da labari ba.

Bayan an tankaɗe duk wannan, akwai tsabar da ta rage, ita ce kuwa ta sa na ga labarin ya dace da kaka. Da damina ko wane manomi gonarsa ta fi ta kowa a bakinsa. Sai an ɗaure dami an ƙidaya sa'an nan a ke sanin wanda ya yi noma sau biyu da wanda ya bar ciyawa ta ci rabinta, kuma ran nan ba a iya ƙara ko zangarniya ɗaya. Da kaka a ke fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi. Da kaka mai bashi ya ke zuwa da buhunsa ya karɓi abin da aka ci da marka. A zamanin En'e ma da kaka a ke karɓar haraji, kafin a soke shi a jihohin Kano da Kaduna a 1979. To, mutanen nan da suka yi doguwar suma, da yawansu sun ce an nuna musu rayuwarsu kamar yadda a ke jera wa manomi dammunansa. A kan wannan kuwa su shaidu ne cikakku, domin rayuwarsu ce, ba wanda ya fi su saninta. Abin da suka ce ya yi nauyi a wurin ba muƙami ba ne ko yawan dukiya. Ƙananan abubuwa ne da suka manta, irin su magana mai zafi da suka yaɓa wa wani, ko ɗan alheri da suka yi ba su ɗauke shi a bakin kome ba. Waɗansu har cewa suka yi sun ji zafin abin da suka yi wa mutane kamar su aka yi wa.

Likitan nan na Holan ya koma ya nemi mutanensa bayan shekara 2, ya kuma komawa bayan shekara 8. Ya tarar waɗanda suka ga abin sun rage tsoron mutuwa, sun ƙara tausayi da kula da iyali, kuma canjin bai zo dare ɗaya ba, sannu a hankali ya riƙa kama jiki. Wannan ya fi mini duk labarin rami da haske, domin abu ne da maƙwabci ke iya gani da idonsa. Kamar manomi ne da aka nuna masa rumbunsa tun shuka ba ta yi bunni ba, sa'an nan aka ce ya koma gona. Kuma babu wani sabon abu cikin abin da suka zo da shi wanda malaminmu na allo bai faɗa mana ba game da haƙƙin mutane. Mai karatu a bakin wuta ya san ɗan'uwan da suka yi shekara uku ba su ga maciji sabo da iyakar gona, ya san kuma marainiyar da gadonta ya shige cikin nasa rumbun. Ba ya bukatar zuciyarsa ta tsaya kafin ya tuna da su, ga shi kuwa yanzu ne hatsin biya ya ke hannu.

Saura magana ɗaya, ta aiki. Mutanen nan 344 ba don kansu suka farfaɗo ba. Allah ya ƙaddara akwai wanda ya tsaya a kansu bai yanke ƙauna ba. A ƙauyukanmu kuwa, in dattijo ya yanke jiki ya faɗi a masussuka, sau da yawa kafin a duba shi sosai mata sun riga sun ɗora hannu a ka, an aika a faɗa wa liman. Gaggauta jana'iza sunna ce, amma bayan an tabbatar da mutuwa ne, malaman fiƙihu kuwa sun ce a jinkirta ga wanda a ke shakka a kansa, kamar wanda ya nutse a ruwa ko ya faɗi farat ɗaya. In mutum ya faɗi, an kira shi bai amsa ba, ba ya kuma numfashi sosai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Wani ya durƙusa ya ɗora gindin tafin hannunsa a tsakiyar ƙirjinsa, ya ɗora ɗayan bisa, ya riƙa dannawa da ƙarfi wajen sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, in ya gaji wani ya karɓa, wani kuma ya ruga neman malamin asibiti da abin hawa. Ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini, sabo da haka ba a jiran maigida ya dawo daga gona kafin a fara. Malaman asibitin shan magani da ma'aikatan ba da agaji suna koya wannan, kuma koyonsa bai kai tsawon hirar dare ɗaya ba.