RUWAN SAMA DA SABABINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wani ɗalibi ya tare ni bayan sallar Magariba, ransa a dagule. Ya ce, "Malam, a aji an koya mana cewa ruwan sama daga teku yake tasowa, a unguwa kuwa an ce duk wanda ya yarda da haka ya bar Musulunci. In daina shiga ajin ne?" Na ce masa kada ya kuskura. Na san kuwa ba shi kaɗai wannan magana ke damu ba, watakila har da kai.

To, ka shiga madafa ka ɗaga murfin tukunyar da ke kan wuta. Me za ka gani? Ɗigon ruwa a jikin murfin. Zafi ya mai da ruwa tururi, tururi ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Abin da ke faruwa a sama ke nan, sai dai tukunyar ita ce teku, wadda ta rufe kamar kashi 71 cikin 100 na bayan ƙasa, wutar kuwa ita ce rana, tana can nesa da mu kilomita miliyan 150. Tururin yana hawa yana hucewa, har ya manne wa ƙananan ƙwayoyin ƙura ya zama girgije. Kuma ka lura, kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, ba ya shayuwa. Amma in tururi ya tashi, gishirin a teku yake zama. Ka buɗe Suratul Waƙi'a ka ga yadda Allah Ya yi mana gori da wannan, cewa da Ya so da Ya mai da ruwan shanmu zartsi.

Yaya aka yi ya iso mu, alhali ba mu da teku a Kano ko Zinder? Iska ce ke ɗauko shi, kamar yadda Suratur Rum, aya ta 48, ta yi bayani. Da bazara ƙasa takan yi zafi ƙwarai, sai iska mai danshi ta taso daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ta riƙa ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Shi ya sa damina ke fara sauka a Legas, ta daɗe can, mu kuwa sai wajen watan Mayu ko Yuni, zuwa Oktoba ta ɗauke. Za ka ce ai mu daga gabas muke ganin hadari yana tasowa. Gaskiyarka. Danshin daga kudu ya zo, amma iskar da ke can sama ita ke kora hadarin daga gabas zuwa yamma.

Har wutar lantarki ma ta nan ta biyo. Ruwan da rana ta ɗaga ya sauka a duwatsun ƙasar Gini, ya gangaro Kogin Kwara, ya ratsa Mali da Nijar, ya zo ya juya injuna a madatsar Kainji da aka gama a 1968. Watau ƙarfin rana ne ya yi wannan doguwar tafiya har ya zo ya kunna maka ƙwai.

Yanzu ina kafircin yake? Waɗanda suka ruɗa ɗalibin nan sun ji hadisin Zaidu ɗan Khalid ne, ba su fahimce shi ba. An yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da asuba Annabi (S.A.W.) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah ya yi imani, wanda ya jingina shi ga tauraro kaza ya kafirta. Tauraro ba ya ɗaga ko ɗigo ɗaya, jingina masa ruwa camfi ne. Zafin rana kuwa sababi ne wanda Allah Ya halitta, kana iya jarraba shi da shanyar wankinka. Wanda ya san cewa abinci ke kawo ƙoshi bai musanta Mai ciyarwa ba. Kai ma ɗan boko, kada ka ɗaga kafaɗa don ka haddace sunayen gizagizai da Turanci. Ka san hanyar ruwa, amma ba ka iya saukar da cikin moɗa guda.

Ka tambayi kakanka labarin farin 1972 da 1973, sa'ad da gero ya ƙone a gona, shanu suka yi ta faɗuwa. Tafkin Chadi, mai faɗin kilomita murabba'i kamar 25,000 a shekarun 1960, ya tsotse har ya rabu biyu. A irin wannan lokaci ne kasuwar boka ke ci, a kai baƙin bunsuru gindin tsamiya wai a ba 'yan ruwa haƙuri. Subhanallahi! Ga sallar roƙon ruwa sunna ce tabbatatta, an bar ta an tafi wurin dutse da itace.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. Suratuz Zumar, aya ta 21, ta ambaci shigar da ruwa cikin ƙasa ya zama maremari. Ruwan rijiyarka ruwan sama ne da ya tsiyaya ta cikin yashi da tsagar dutse ya taru. In aka sare itatuwa, aka cike kududdufi aka yanka filaye, aka malale ko'ina da siminti, ta ina zai shiga? Sai ya bi gidaje da damina, da rani kuma a ƙara wa guga igiya. Sa'an nan mu ce ƙaddara ce, alhali da hannunmu muka toshe magudanar.

Shi dai ɗalibin nan ya koma aji. Na roƙe shi in sun kai darasin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ara mini littafinsa, domin rijiyar masallacinmu ta fara janyewa tun watan Maris.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.