Kafin Mu Fita Roƙon Ruwa



'Yan uwa, jiya bayan sallar Asuba wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Liman, gero ya fara yaushi, yaushe za a fita roƙon ruwa?" Na ce, "Baba, za a fita in sha Allahu, sunna ce tabbatacciya." To amma akwai maganar da nake so mu yi kafin ranar.

Kowa ya san in uwargida ta buɗe tukunya, za a ga ɗigon ruwa a jikin murfi. Tururi ne ya tashi, ya haɗu da sanyi, ya koma ruwa. Haka Allah Ya tsara girgije. Rana tana dukan tekun Atlantika, tururi ya tashi, iskar damina ta kwaso shi daga kudu maso yamma, ta ratso Najeriya har ta iso Gumel da Gagarawa. In ya hau sama ya yi sanyi sai ya dunƙule, hadari ya taso mana daga gabas. Ku je ku karanta aya ta 48 a Suratur Rum da aya ta 43 a Suratun Nur, za ku ga yadda Ubangiji Ya ambaci iska da tara girgije. Shi ne mai saukar da ruwa, amma Ya sanya wa abin sababi.

Wannan tururin kuma bargo ne ga ƙasa. Shi ya sa daren hunturu, da iska ta bushe, sanyi ke shiga ƙashi, amma daren bazara, da laima ta shigo, ko a tsakar gida ka kwanta sai gumi. Masana sun tabbatar duk ƙarin zafi na digiri ɗaya, iska na iya riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100. Ma'ana gona ta bushe da wuri, in kuma ruwa ya zo, ya zo da ƙarfi. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, mu kuma mun ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Jigawa.

Wani zai ce, "Malam, hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da Sin ne ya ɗumama duniya, mu ina ruwanmu?" Gaskiya ne, kasonsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Amma gatarin da ke hannunka, kai za a tambaya. Bishiya tana zuƙo ruwa daga ƙasa ta mayar wa iska ta ganyenta, tana tare guguwa, tana hana ƙasa saurin bushewa. Mu da muke bakin iyaka, daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar, mun fi kowa sanin yadda rairayi ke binne shuka. Duk da haka muna sare gawo da kanya muna gawayi, sannan mu fita fili muna kuka. Anya kuwa?

Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Manoma sun daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, suna gyara shi ya girma, kuma gonaki sun farfaɗo. Gawo ma ai da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana.

Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa dashen bishiya sadaka ne ga mai shi, muddin mutum ko tsuntsu ko dabba sun ci daga gare ta.

Saboda haka mu fita roƙon ruwa da tuba, mu mayar da haƙƙin mutane, mai tauye mudu ya daina, mai zakka ya fitar. In an dawo, kowane magidanci ya dasa ko da bishiya ɗaya ce, ya kewaye ta saboda awaki.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya. Amin.