Darasi: Kyautar Abinci a Gidan Bayahude

Karatu: Littafin Firistoci 11, Romawa 14:13-21.

A cikinmu akwai masu zuwa Urushalima ziyara, akwai kuma masu zuwa Ingila ko Amurka neman ilimi. Idan Bayahude ya gayyace mu gidansa cin abinci, ba mu so mu tafi hannu wofi. To, me ya kamata mu riƙa masa?

1. Abin da Attaura ta umarta

Bayahude mai kiyaye Shari'ar Musa ba ya cin dabba sai mai rababben kofato wadda ta ke tuƙa. Saniya da tunkiya da akuya sun halatta, amma alade da raƙumi da zomo sun haramta. Kifi kuwa sai mai ƙege da kamɓori, saboda haka tarwaɗa haram ce a gare shi. Yanka ma sai na mahaucin da ya koyi ka'idarsu.

Har sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa. Daga nan malamansu suka raba nama da nono sarai, har tukwane da kwanoni kowanne da nasa. Ku lura fa: tuwo da miyar nama da man shanu, abin da mu kan girmama baƙo da shi, ba zai shiga bakinsu ba. Abin da aka dafa cikin tukunyarmu ma ba za su ci ba.

2. Abin da za mu kai

Mu fara tambayar maigida, gama ba dukan Yahudawa ke kiyaye waɗannan dokoki daidai da juna ba. Lemo ko ayaba waɗanda wuƙa ba ta taɓa ba, su ne kyautar da ba ta da shakka. Kada mu kai gurasa mai yisti a kwanakin Idin Ƙetarewa. Idan cimar Asabar ce, mu isa kafin faɗuwar rana ran Jumma'a.

3. Dalilinmu

Lalle Almasihu ya 'yanta mu daga dokokin abinci. Duk da haka, sa'ad da manzanni suka taru a Urushalima wajen shekara ta 49, sun gargaɗi Al'ummai masu bi su guji jini da naman dabbar da aka maƙure, gama akwai Yahudawa a tsakaninsu. Bulus kuma ya gwammace ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Idan kyautarmu ta sa maigida zaɓi tsakanin kunyata baƙonsa da karya dokarsa, nawaya muka kai masa, sunan Ubangijinmu kuma ya sha zargi sabili da mu.

Tambayoyi

1. Don me Bitrus ya yi jinkirin shiga gidan Karniliyus? (Ayyukan Manzanni 10)
2. Wane 'yanci za mu iya ajiyewa saboda lamirin maƙwabcinmu?

Bari Allah ya koya mana ƙauna mai lura, domin ko ci ko sha mu ɗaukaka shi. Amin.