Ko Yawan 'Ya'ya Yana Tsare Mutum Daga Fid Da Zuciya?

Sa'ad da aka yi binciken lafiyar iyali a Nijeriya a 2018, an iske macen Jihar Katsina takan haifi 'ya'ya bakwai, har da ɗoriya. A Koriya ta Kudu kuwa, bisa ga lissafin 2023, sai an haɗa mata goma kana a sami 'ya'ya bakwai. Kuma cikin ƙasashe masu arziki, ita ce kan gaba wajen mutane masu kashe kansu: wajen mutum 27 cikin kowace dubu ɗari a 2023.

Wani zai ce, "Ashe, mun tsira, tun da gidajenmu cike su ke." Kada mu yi garaje, 'yan'uwa. Ƙasar Lesoto tana haihuwa fiye da Koriya nesa, duk da haka a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ta fi kowace ƙasa wannan masifa. A ganina abu biyun nan rassa ne na itace ɗaya. Saurayin Koriya yana duban tsadar gida, da kuɗin karatun yaro, da aikin da ba ya barinsa ya huta, sai ya fasa aure. Tsoho kuma, wanda 'ya'yansa suka tafi birni, ba mai leƙo shi. Gama a can tsofaffi ne suka fi yin wannan abu. Dukansu biyu sun duba gobe, ba su ga kowa a tsaye tare da su ba.

To, mu fa? Namu lissafi ƙanƙane ne a takarda, amma kunya tana ɓoye da yawa; akan ce ciwon ciki ne, a binne, a yi shiru. Manomin Bakori wanda ya ci bashin taki, 'yan bindiga kuma suka hana shi zuwa gonar masararsa, yana da baki goma sha biyu da ke jiran tuwo. Yawan 'ya'ya a ranan nan kaya ne a kansa. Yarinyar da aka aurar ba da sonta ba tana cikin gida mai mutum talatin, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Annabi Iliya ma ya roƙi mutuwa sa'ad da ya zaci shi kaɗai ya ragu, kuma abinci da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana.

Akwai abu guda da ke hannunmu. Irin wannan nufi sau da yawa na ɗan lokaci ne, yakan wuce idan abin cutarwa ba ya kusa. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi dafi, masu kashe kansu suka ragu da wajen kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. A nan ma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na irinsu a kasuwa a 2019. Amma na feshin auduga da wake yana nan a ɗakunanmu daga Funtuwa har Malumfashi, a ƙarƙashin gado, ba kwaɗo.