In an sauke inji, ina motar take?

A 1990 wata babbar kotu a Landan ta zauna kan shari'ar da ta fi kama da muhawarar malaman tauhidi fiye da rigimar ciniki. Mota ce ƙirar Bentley, wadda ake wa laƙabi da Old Number One, ita ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1929 da 1930. An yi cinikinta fam miliyan 10, daga baya masu saye suka ce sun fasa, wai ba ita ba ce. Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin an sake mata shasi da inji da bodi a lokuta daban-daban, kuma ta yi mummunan haɗari a filin tseren Brooklands a 1932, har direbanta ya rasa ransa. Alƙali ya ba mai sayarwa gaskiya. Ya ce ko da ƙarafan ba na farko ba ne, tarihin motar bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata motar da za ta iya da'awar wannan suna.

Ina ganin alƙalin ya yi daidai. Dalilina kuwa a garejin maƙwabcina na same shi, a nan Ingila inda nake zaune. Dattijo ne da ya yi ritaya, yana da MGB, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, irin waɗanda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan. Injinta ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai ya yanke shawarar sauke shi da kansa, ya ce in zo in kama masa.

Aikin ba na gaggawa ba ne. An fara da cire kan batir, wanda a wannan mota yake ɓoye bayan kujeru. Aka tsiyaye baƙin mai da ruwa. Kafin a kwance murfin inji, dattijon ya ɗauki fensir ya zagaye mahaɗinsa da zane, don in an zo mayarwa ya zauna inda ya saba. Lagireto ya fita, kafireto biyu suka biyo baya, aka raba salansa da inji, aka shiga ƙarƙashi aka kwance farfela. Kowace waya da ya zare sai ya manna mata takarda ya rubuta inda ta fito, kowane noti da jakar ledarsa. Daga ƙarshe aka ɗaura sarƙa, aka saƙala ƙugiya, inji da giyabos suka taso tare, kai sama gindi ƙasa, ni ina riƙe da wutsiyar kada ta kankare fenti. Da suka fito sarari, gaban motar ya ɗago don an sauke masa nauyi, ciki ya zama rami, wayoyi na reto da takardunsu.

A nan ne dattijon ya nuna mini wani ɗan faranti na alminiyon da aka maƙala a gefen injin, mai ɗauke da lamba. Ya ce yana da zaɓi biyu: ya gyara wannan injin da kuɗi mai yawa, ko ya sayi wani gyararre mai sauƙi ya ɗora. Ya tambaye ni, in ya ɗora wani, motar da ya kai matarsa yawo a cikinta tun suna matasa ce, ko wata ce daban? Matar ta rasu. Na san ba lissafin kuɗi yake tambayata ba.

Mutane sun kasu a kan wannan. Masu tara tsofaffin motoci suna ƙara farashi sosai in lambar inji ta dace da wadda masana'anta ta rubuta ranar da motar ta fito, har gidan tarihin motoci na Gaydon yana ba da takardar shaida daga tsofaffin kundayen masana'anta. A wurinsu inji shi ne zuciya. Amma har zuwa 2025 hukumar rajistar motoci ta Birtaniya ta daɗe tana amfani da wani ma'auni na maki kan motar da aka yi wa babban sauyi: sai motar ta tara maki 8 kafin ta riƙe lambarta ta asali, shasi ko gangar jiki na da 5, giyabos 2, sitiyari 2, inji kuwa 1 tak. Ita ma gangar jikin ba ta tsira ba, domin tun 1988 ake buga sabon bodin MGB da ainihin na'urorin da aka buga na farko. Mutum na iya sake inji bana, bodi baɗi, kujeru baɗin baɗaɗa. Girkawa sun riga mu shiga wannan ruɗani: Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyos da mutanen Atina suka adana, suna cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, har masana suka rasa matsaya ko jirgin ne ko wani.

Ga musulmi tambayar ta wuce wasan ƙwaƙwalwa, saboda ta taɓa tashin ƙiyama. Masu falsafa sun daɗe suna cewa, jikin da ƙasa ta ci, tsiro ya tsotse, dabba ta ci tsiron, wani mutum ya ci dabbar, wa za a mayar wa da naman? Irin wannan tunani ne ya sa aka karkata ga cewa rai kaɗai ke komawa, ra'ayin da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya jingina wa Ibn Sina da makamantansa a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kuma yi masa raddi mai zafi. Abin da ya fi kama ni a amsarsa shi ne bai tsaya kare kowace ƙwayar nama ba. Ya nuna cewa jikin mutum na sauyawa tun yana jariri har ya tsufa, ya rame ya yi ƙiba, ba wanda ya ce ya zama wani. Mutum mutum ne da ransa, kuma mayar da wannan rai cikin jiki ba ya gagarar Wanda ya yi shi tun farko.

Ko Ɗakin Allah, ba don ina haɗa shi da wani abu ba, an sake gininsa ba sau ɗaya ba: Ƙuraishawa sun gina kafin aiko Annabi (SAW), Abdullahi ɗan Zubairu ya gina, Hajjaju ya sauya, aka sake ginawa zamanin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Muradu na huɗu bayan ambaliyar 1630. Lokacin da ɗan Zubairu ya rushe bangon, ginshiƙai ya kafa ya rataya labule, mutane suka ci gaba da ɗawafi da fuskantar alƙibla. Ba wanda ya ce sallarsu ta ɓaci don duwatsun suna ƙasa.

Sai dai tsakanin mutum da mota akwai tazarar da bai kamata a tsallake ba. Mutum yana da rai, kuma littafinsa na hannun Wanda ba ya mantuwa. Mota ba ta da ko ɗaya. Duk abin da ya sa ta zama "ita", mutane ne suka ara mata: rasit, kundin gyara, da bakin wanda ya ce a shekara kaza na sake kaza. Tarihin da alƙalin Landan ya dogara da shi shaidar mutane ce, ɗaya na miƙa wa ɗaya. Saboda haka sake inji ba ya kashe mota. A da, kamfanin da ya ƙera MGB da kansa yakan karɓi tsohon inji ya ba da gyararre da aka shafa wa fenti ruwan zinare, kowa ya gani ya sani. Wanda ke kashe ta shi ne mai ɗaukar ɗan farantin nan daga wannan inji ya maƙala wa wancan, ya yi shiru. Ya yanke silsilar, kuma ya ci kuɗin abin da ba shi ya sayar ba.

Abin da na faɗa wa dattijon ke nan: ya ɗora duk injin da aljihunsa zai iya, motarsu ce shi da marigayiya, muddin ya rubuta abin da ya yi ya ajiye cikin takardunta.

A gida ma kullum ana sauke inji a ɗora na Kwatano, kuma babu laifi a ciki. Laifin yana wurin ciniki, inda ake rantsuwa cewa ba a taɓa kwance ko noti ɗaya ba, alhali an wanke inji an goge sawun sifana. Shari'a ta hana ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye damar mayarwa in ya gano. 'Yan'uwana dillalai da bakanikai, in kun sake wa mota inji, ku faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya, ku rubuta masa lambar tsohon da ta sabon a takardar ciniki.