BANGO MAI SHAFEN FARAR ƘASA

Karatu: Ezekiel 13:10-15, Matta 23:25-28, Ayukan Manzanni 5:1-11.

Waɗanda su ke koyon Turanci a cikinmu sukan gamu da waɗansu kalmomi na zargi da Turawa su ke faɗa wa mutumin da bayansa ya yi dabam da cikinsa. Mun ga ya yi kyau mu duba huɗu daga cikinsu, gama kowace ɗaya tana da wa'azi a bakinta.

Ta fari ita ce facade. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci, tushenta kuwa kalmar Italiya ce mai nufin fuska. Ma'anarta fuskar gini, wato gefen da ya ke duban hanya. Mun san irinta: zaure mai zanko da zane, amma in ka shiga ciki sai ka iske ɗakuna suna yoyo. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan fuska kuwa an gina ta ne domin kada a san labarin.

Ta biyu ita ce veneer, daga Jamusanci. Kafinta yakan yanko falle na katako mai tsada, siriri ƙwarai, ya manna shi bisa katako mai araha. Mai saye ya ga tebur yana sheƙi, ya biya. Gara kuwa ba ta kula da falle, ciki ta ke ci.

Ta uku ita ce hypocrite, daga Helenanci. A wurin Helenawa na dā sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, wanda yakan sa fuskar aro ya fito gaban jama'a da muryar wani. Da wannan suna Ubangijinmu ya kira marubuta da Farisawa sau da dama cikin Matta 23. Mu mukan ce munafuki, ko mai riya, ko Musa a baki Fir'auna a zuci.

Ta huɗu ita ce whitewash, wato shafen farar ƙasa. Bature yakan faɗe ta sa'anda aka rufe laifi maimakon a hukunta shi. A nan ne za mu tsaya kaɗan.

Bisa ga Littafin Lissafi 19:16, wanda ya taɓa kabari ya ƙazantu har kwana 7. Domin haka Yahudawa sukan shafa wa kaburbura farar ƙasa wajen wata guda kafin Idin Faska, domin baƙi masu zuwa Urushalima su gani su kauce. Da irin waɗannan kaburbura ne Yesu ya kwatanta Farisawa: kyau a waje, ƙasusuwa a ciki. Ku lura, farin kabari yana gargaɗi ne, yana cewa a nisance shi. Farin mai riya kuwa yana kiran mutane su matso. Ashe kabari ya fi shi gaskiya.

Annabi Ezekiel ya yi maganar bango marar ƙarfi wanda annabawan ƙarya suka shafe, suna yi wa jama'a albishir na salama alhali babu ita. Allah ya ce zai aiko da ruwa mai ƙarfi da ƙanƙara da iska, bangon ya faɗi har a ga tushensa. Duk mai gidan ƙasa ya gane wannan. Da rani kowane bango lafiyayye ne. Sai watan Agusta ya zo, a kwana ana ruwa, sa'annan a san wanda ya toshe tsaga da wanda ya shafe ta kawai. In bangon ya faɗi kuwa, ba mai shafen kaɗai ya ke dannewa ba, har da yaran da su ke barci a gindinsa.

To, ina shafenmu? Mutum yakan yi doguwar addu'a ran Lahadi, matarsa kuwa tana zaune da kumburin ido. Wani yakan miƙa hannu ga Jibin Ubangiji, ya shekara ba ya gaisawa da ɗan'uwansa sabili da iyakar gona. Wata takan ja waƙa a zumuntar mata, laya tana ɗaure a ƙugun jaririnta. Dattawa kuma wani lokaci sukan ji kuɗin baiko ya yi ƙafa, su ce a rufe domin sunan ekklesiya. Ba waɗansu mu ke nuna wa yatsa ba, mu da mu ke rubutu muna ciki. Maƙwabta za su iya ruɗuwa, amma 'ya'yanmu suna zaune a bayan bangon, suna ganin tsagar kowace rana. Da yawa da suka bar bangaskiya, abin da suka gani a gida ne ya kore su.

Ku tuna da Hananiya da Safiratu. Bitrus ya faɗa wa Hananiya a fili, gonar tasa ce, kuɗin ma yana hannunsa. Ba wanda ya tilasta masa ya kawo duka. Zunubinsu shi ne, sun kawo rabo suna so a ɗauka duka ne. Sun nemi sunan Barnaba ba tare da zuciyar Barnaba ba. Suka faɗi matattu a rana ɗaya, tsakaninsu wajen sa'a 3.

Ina magani? Magini na kirki ba ya ƙara shafe bisa tsaga. Yakan kankare, ya buɗe ta har ƙarshenta, ya cika da sabuwar ƙasa. Haka tuba ta ke. Cikin Luka 18 Bafarisi ya jera ayukansa gaban Allah, mai karɓar haraji kuwa ya tsaya nesa yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai, shi ne ya koma gida baratacce. Almasihu ya mutu domin masu zunubi, ba ya ƙin wanda ya zo da tsagarsa a buɗe.

Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, bari kowannenmu ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa: wane abu ne na ke tsoro ekklesiya ta sani? Ya faɗe shi ga Allah da sunansa. In akwai wanda aka cuta, a je wurinsa. In akwai abin mayarwa, a mayar. Kunyar yau ta fi ta ranar shari'a sauƙi.

Ya Ubangiji, kai da ka ke duban zuciya, ka kankare shafenmu tun ruwa bai sauko ba, ka gina mu bisa gaskiya, sabili da Yesu Almasihu. Amin.