Inshora da Bangaskiya

Ɗan'uwa ya tara guminsa ya gina shaguna a bakin titin Tambuwal, ko gidan haya a Kebbe. In ya yi musu inshora don gudun gobarar hunturu, bangaskiyarsa ta raunana ke nan? Ko kaɗan. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar domin ceton rayuka. Wawan mai arziki na Luka 12 kuwa, domin kansa kaɗai ya tara.

Inshorar gini takan biya bango da rufi, ban da kayan ɗan haya. Ran da wuta ta cinye jarinsa, kai kuma ka karɓi diyya, za ka bi shi bashin haya? A nan Ubangiji yake auna zuciyarka.